Yadda Na Rufe wa Baburan Kawu Ilu Baki a Jidda

Tun da na dawo daga Umara ban huta da tambaya ba. A bakin rumfata ta Ƙofar Ruwa, a masallaci, har wurin mai shayi, kowa sai ya tare ni: "Sabi'u, yaya Jidda? Wai da gaske can ma walda ka je ka yi?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, musamman da na ji Tanko mai taya ya fara zuba masa gishiri, har yana cewa wai Larabawa sun tsare ni kwana uku. Ba wanda ya tsare ni. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda aka yi, wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda.

Ga wanda bai san ni ba, shekarata ashirin da biyu ina gyaran salansa. Amma in za a faɗi gaskiya, rabin aikina ba kashe ƙara ba ne, tayar da ita ne. Ɗan acaɓa zai kawo sabon babur ko ledar kujera bai cire ba, ya ce, "Oga, a buɗe mata murya." In farke salansar, in zare hanjinta, in mayar in like. Ranar ɗaurin aure su jeru a titi su yi ta zuga totur, ni kuwa ina daga rumfa ina jin daɗi, ina cewa wancan aikina ne.

Wata Asabar sai ga wayar Kawu Ilu, ƙanen mahaifiyata, wanda ya tafi Saudiyya tun ina firamare. Ya ce yana ba da hayar babura masu ƙafa huɗu a wani fili a bakin teku, shekara goma sha biyu ke nan, da su yake ci da gidansa. Yanzu an kafa doka a filin: duk wanda baburansa suka cika ƙara za a kore shi, kuma ba wani filin da zai karɓi baƙon dattijo da tsofaffin babura. "Na yi maka hanyar biza," in ji shi. "Ka zo ka yi Umara, amma ka taho da hannunka."

An ce mu hallara a filin jirgi ranar Talata da hantsi. Mun tashi ranar Laraba bayan la'asar. A tsakanin nan na cinye guzurin da matata ta yi mini na kwana uku, na kuma yi uwar ɗaki, wata tsohuwa Hajiya Dije daga Gumel, wadda ta dube ni sau ɗaya ta ɗora mini jakarta ba tare da ta tambayi sunana ba. Harami kuwa tun a Kano na ɗaura shi, don an tsorata ni cewa a jirgi ba wurin canzawa. Ban san jirgi firij ba ne. Na yi tafiyar nan da zane biyu ina karkarwa, hannu ɗaya riƙe da ƙugu don kada in ba da kunya, ɗayan riƙe da ledar goron Hajiya Dije.

A Jidda aka buga mini fasfo ba matsala. Wurin binciken kaya ne aka tsaya. Mahaifiyata ta haɗa wa ƙanenta kuka, daddawa, yaji da kilishi. Jami'in ya kwance ƙullin daddawa ya kai hanci, ya ja da baya kamar an mare shi. Sannan ya zura hannu ƙasan jaka ya zaro 'yar gudumata, wadda na gada daga maigidan da ya koya mini aiki, ya ɗaga ta sama yana ta Larabci. Wani Bahaushe mai tura amalanken kaya ya matso ya fassara mini: "Cewa yake, Umara ka zo ko rushe gini?"  Sai Hajiya Dije ta leƙo ta bayana ta buɗe bakinta, ba haƙori ko ɗaya a sama, ta ce, "Faɗa masa ɗana ne, da ita yake daka mini goro." Jami'in ya yi dariya har da riƙe teburi. Ya mayar mini da guduma da daddawa, kilishin ne ya ce ba ya shiga. Allah ya saka wa tsohuwar nan da alheri, ban sake ganinta ba bayan Makka.

Kwana huɗu na yi a Makka. Ba zan tsawaita ba, wanda ya je ya sani, wanda bai je ba Allah ya kai shi. Abin da zan ce kawai, na tsara addu'o'i tun daga gida, amma da idona ya faɗa kan Ka'aba duk suka gudu, na tsaya ina kuka kamar ƙaramin yaro, ban kuma ji kunyar kowa ba.

Kawu ya zo ya ɗauke ni a wata tsohuwar motar ɗaukar kaya. Da ya fito na ga fuskar mahaifiyata sak, sai dai da furfurar gemu. Ya rungume ni yana cewa, "Sabi'u! Kai ne ka yi tumbi haka?" Gidansa a Sharafiyya yake, hawa na uku, ɗaki biyu da falo, a wani lungu da kowane bene na'urar sanyaya ɗaki ke ɗigo wa mai wucewa ruwa a ka. Matarsa Zainab haifaffiyar Jidda ce, kakanta ne ya taka da ƙafa daga Katsina ta Sudan. Na ce mata Inna, ta ce, "La', la', Khala za ka ce kamar yadda ake cewa a nan, ya waladi, ɗana. Inna sai ka ce wata tsohuwa." Hausarta tana tafiya lafiya lau sai ta kwana cikin Larabci ba sigina, ta bar ka a tsaye.

Da safe aka kawo ful da tamis, wato wake da aka dame da mai, da wata ƙatuwar gurasa mai faɗin faifai. Da rana shinkafa da kaza a faranti ɗaya, a shimfiɗa leda a ƙasa kowa ya sa hannu. Abincin ba laifi, amma ba yaji, sai ka ci ka ƙoshi bakinka yana tambayarka yaushe za a fara. Ranar da Khala ta kaɗa miyar kukar da na kawo, Kawu ya ci har ya suɗe kwano, sannan ya tashi ya shiga ɗaki ya daɗe.

Abubuwa da dama sun ba ni mamaki. Ana kiran salla kantuna za su rufe ruf, mai ciniki ya bar ka da kayanka a hannu. Ba zaure, ba dakali, maƙwabcinka sai ku shekara ba ka san launin tabarmarsa ba. Hutunsu kuma Alhamis da Juma'a ne. Amma wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne shaƙatawarsu. Mutum yana da gida mai sanyi da kujeru masu laushi, sai ya kwashi iyalinsa a mota ya yi tafiya mai nisa, don kawai ya shimfiɗa darduma a kan rairayi ya sha shayi. Mu da muke share rairayi daga tsakar gida kullum safiya!

Ranar Alhamis bayan la'asar Kawu ya kai ni filin. Kudu da gari yake, sai ka wuce Khumra da rumbunan ajiyar kayanta. Fili ne fetal na rairayi, teku daga can gefe, motoci sun yi layi, iyalai a zazzaune. A tsakiya kuma baburan nan ne, da suke kira dabbab, matasa da magidanta suna ta zagaye a kansu. Mutum biyar ke ba da haya, Yamalawa biyu, Basudane ɗaya, wani Balarabe ɗan ƙasa, sai Kawu da nasa guda bakwai. Na saurara na ce, "Kawu, ai wannan ba wata ƙara ba ce. Su zo Kano ranar biki su ji." 

Kawu ya kai ni wurin mai kula da filin, wani Balarabe mai sanyin magana da ake kira Abu Sultan. Na zaci zan ga azzalumi, sai na ga mutumin da shi ma aka matse. Ta bakin Kawu ya bayyana mini cewa masu zuwa da iyali ne suka kai ƙara hukumar gari. Wani ya ce mahaifinsa mai ciwon zuciya ba ya iya zama, wata ta ce ba ta jin kukan jaririnta yana kan cinyarta. Hukuma ta ce ko a rage ƙara ko a rufe filin gaba ɗaya. Ya ɗauko wata 'yar na'ura kamar rediyon aljihu, da baƙin soso a kanta. Za a riƙe ta kamu guda daga bakin salansa, a ba babur rabin totur, lamba ta fito. Akwai lambar da aka yanke. Alhamis ta sama ta biyu za a gwada na kowa, kuma wanda ko ɗaya daga cikin nasa ya haura, ya kwashe duka. Ya dafa kafaɗar Kawu ya ce, "Wallahi ya Ilyas, ba na so in rasa ka." Na yarda da shi.

Sauran huɗun duk sun sayo sababbin salansa sun ɗaura. Na Kawu tsohon yayi ne, ya zagaye Jidda bai sami irinsu ba. Na durƙusa na duba. Iskar teku ta cinye su, tsatsa ta huda ko'ina, wata ma da waya aka ɗaure ta. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, wannan aikin kwana uku ne. Don in nuna ni ɗan gari ne a harkar, na haye ɗaya. Ina ta murɗa hannu babur ya ƙi motsi, ashe totur ɗinsu da babban yatsa ake dannawa. Da na gano sai na danna gaba ɗaya. Allah ya taimake ni tudun rairayi ne a gabana ba dardumar mutane ba.

A Khumra muka yi aikin, a garejin wani Mamman, mutumin Damagaram, dogo siriri mai yawan cewa "bon" ta Faransanci kafin kowace magana. Shi gyaran firij da na'urar sanyi yake yi, amma yana da tukunyar walda. Kawu ya ja mini kunne cewa bizata ta ibada ce ba ta aiki ba, in na ga motar 'yan sanda in ajiye guduma in ɗauki carbi. Sau biyu na yi hakan, sau ɗaya ma motar ɗibar shara ce.

Na yi yadda na saba. Na yanke ruɓaɓɓen wuri, na yi faci, na sa farantin ƙarfe biyu a ciki don su karya iska, na like. Na tayar da na farko, na karkata kai na saurara, na ce, "Halas, an gama."

Mamman ya ce, "Bon, maigida, har yanzu fa tana ihu."

Raina ya ɓaci. Na ce masa shekarata ashirin da biyu a kan salansa, shi kuwa firij ya sani, kowa ya tsaya a layinsa. Ya ɗaga hannu biyu ya koma kan aikinsa. Na gama uku a haka. Ranar Litinin da safe Kawu ya roƙi Abu Sultan ya gwada mana su kafin ranar, ya yarda. Na farko ya haura. Na biyu ya haura. Na uku ya fi su haurawa. Na ce na'urar ce ta lalace, a kawo wata. Abu Sultan bai yi musu da ni ba, ya kai ta bakin salansar Basudanen nan, lamba ta sauko ƙasa ta zauna. Ya ce wannan ne gwajin alfarma na ƙarshe, don zai tafi Ɗa'ifa sai ranar ya dawo. Muka koma gida. 

Bayan mun ci abincin rana Khala ta ce in zauna a kujera in rufe ido. Na ce lafiya? Ta ce, "Uskut, yi shiru, ka rufe kawai." Na rufe. Na daɗe ina jira ban ji komai ba, har na gaji na buɗe. Ashe tana tsaye daf da kunnena na hagu, tana kaɗa cokali a jikin kofin shayi. Ta koma dama, nan na ji, amma can nesa kamar daga gidan maƙwabta.

"Kwana nawa ina kiranka daga kicin," in ji ta, "ba ka waiwayo. Na ce wa kawunka, ɗan 'yar'uwarka mutakabbir ne, girman kai gare shi. Ashe miskin, ba ka ji ne. Ya waladi, ta yaya za ka auna ƙara da kunnen da ƙara ta cinye?"

Na so in yi gardama, amma abubuwa suka riƙa dawo mini. Matata da take cewa sai ta kira ni sau uku. 'Ya'yana da suke rage rediyo da zarar na fita. Yadda na koma sahun gaba a masallaci ina cewa liman ya tsufa muryarsa ta mutu. Shekaru ina zargin mutane da magana ƙasa-ƙasa. Kunyar da na ji a gaban Abu Sultan ba komai ba ce a kan wannan. Tsoro ne ya kama ni, da baƙin ciki, don da hannuna na yi wa kaina, ana biyana ina murna. Ga kuma dattijo ya ɗauko ni tun daga Kano saboda kunnen da babu shi. Na ce, "Kawu, ka yafe mini." Ya ce, "Hannunka na ce ka taho da shi. Kunne akwai a gidan nan."

Washegari na fara da ba Mamman haƙuri. Ya ce, "Bon, ya wuce." Na ce tunda farantin ƙarfe bai isa ba, sai a cusa abin da zai shanye ƙarar. Na aika aka sayo soson ƙarfe na wanke tukunya, na danƙara a ciki. Mamman ya ce ta yi shiru ƙwarai. Muka bar ta tana aiki muna shan shayi. Ba a yi minti goma ba ta fara feso tartsatsi ta baya kamar maƙera, sosan ya cinye ƙurmus, ta koma gidan jiya. Da a filin ne, da mun ƙona wa wani darduma, wataƙila har da jallabiya.

Mamman ne ya fitar da mu. Ya ce a cikin manyan na'urorin sanyi da tandun gidan burodi akwai wata auduga rawaya da wuta ba ta ci, audugar gilashi. Ya kai ni wata bola ta tsofaffin ƙarafa a bayan Khumra muka yago buhu biyu. Na samo bututu daidai faɗin na injin, na zauna da gudumata da ƙusa na huda shi ko'ina ya zama kamar rariya, na naɗe shi da audugar, na zura cikin gwangwanin salansa na like. Hayaƙi ya bi ta tsakiya ba abin da ya tare shi, ƙarar kuma ta shige ramukan ta mutu a cikin auduga. Abin da Mamman bai gaya mini ba shi ne ƙaiƙayi. Kwana biyar ina susa kamar mai ƙazuwa, har a cikin salla.

Saura awo. Na'ura tana Ɗa'ifa, kunnena kuma an sallame shi daga aiki. Khala ta ce ai masu ƙorafin ba lamba suka sani ba, hira suke so su yi da iyalinsu, don haka a gwada da hira. Kowace safiya, lokacin ba kowa a filin, sai mu ɗauki wanda na gama mu tafi. Ta shimfiɗa darduma ta zauna da Kawu da butar shayi, ni kuma in tsaya da babur taku goma daga gare su in ba shi rabin totur. Za ta yi masa magana da muryar da take yi a falo. In ya ji, ya ɗaga mini hannu sama. In bai ji ba, ya nuna ƙasa.

Na farko sama, na biyu sama, na uku sama. Na huɗu sai ya nuna ƙasa. Na koma Khumra na farke, na ƙara auduga, na sha ƙaiƙayi, muka dawo. Ya sake nuna ƙasa. Ina shirin ɗora shi a mota sai ga Khala ta taso tana taka rairayi da ƙarfi, ta zo ta gefen damana ta ce, "Bar shi, aikinka kwayyis, ba abin da ya same shi. Tambayarsa na yi yaushe zai kai ni in ga Katsina, shekara ashirin yana cewa baɗi. Shi ne wai bai ji ba!" Na juya na dubi Kawu, ya duƙufa yana zuba shayi a kofin da yake cike. Daga ranar aka sauya doka, ita ke ɗaga hannu.

Na bakwai, wanda shi ne ya fi tsufa, da shi Kawu ya fara sana'ar, sai ranar Laraba da yamma na gama shi. Ba mu sami kai shi gaban Khala ba.

Ranar Alhamis aka jera babura tun kafin mutane su cika. Abu Sultan ya zo da na'urarsa da wani ma'aikacin hukuma mai riƙe da takarda. Aka fara da Yamalawa, suka wuce. Basudane ya wuce. Balaraben nan mai ba da haya kuwa, ɗaya daga cikin nasa ya haura, ya yi ta rantse-rantse, ma'aikacin ya ce ya kwashe. Da na ga an kori ɗan ƙasa a gabana, na san ba wanda zai yi wa Kawu alfarma. Shi kuwa yana tsaye ya harɗe hannu a baya, leɓensa yana motsi.

Ni ke danna totur, idona a kan fuskar Abu Sultan, tunda lambar ba ta gabana. Na ɗaya ya gyaɗa kai. Na biyu, na uku, har na shida yana gyaɗawa. Aka zo na bakwai. Ya dubi na'ura, ya matsar da ita, ya sake duba, sai ya juyo mini da ita. Lambar tana rawa, ta sauka kan iyaka ta haura da ɗaya, ta sauka ta haura. Ma'aikacin ya ɗaga biro.

Na ce wa Kawu ya roƙa mini minti biyar. Ban san me ya gaya musu ba, na dai ga biron ya sauka. Ba zan iya jin inda take yoyo ba, don haka na bar injin yana aiki, na kwanta a rairayi na riƙa bin bututun da tafin hannu, kusa-kusa ba tare da na taɓa ba. Can wajen mahaɗar bututu da gwangwani na ji iska mai zafi tana bugun hannuna, fut-fut-fut. Wata 'yar kafa ce da ba ta kai ƙwayar gero ba. Ba walda a wurin. Na yanki gwangwanin lemo da wuƙar Basudanen nan, na cusa ragowar audugar da ke aljihuna, na naɗe, na ɗaure da waya na murɗe da filaya. Ƙarfen ya ƙone mini yatsu biyu, tabon yana nan, wanda ya zo rumfa zan nuna masa.

Na miƙe na danna totur. Abu Sultan ya daɗe yana kallon na'urar, ya nuna wa ma'aikacin, shi ma ya daɗe. Sannan ya rubuta wani abu ya wuce. Abu Sultan ya ce, "Khalas ya Ilyas, wurinka wurinka ne. Amma wannan gobe a yi mata walda."  Kawu ya zauna daɓas a kan rairayi, ya cire hula ya rufe fuska da ita. Khala tana daga cikin mota ta rangaɗa guɗa irin ta Larabawa, wannan kam har ni na ji ta.

Kafin magariba fili ya cika. Babura suna ta zagaye kamar kullum, mutane suna zaune a dardumominsu, na ga wani tsoho ya jingina da tayar mota yana gyangyaɗi. Muna tsaye ni da Kawu a wurin da yake tsayawa shekara goma sha biyu, sai ya kama hannuna ya ce, "Tsaya. Ka ji?"

Na ce, "Me?"

"Teku mana. Wallahi ban taɓa jin ta daga nan ranar Alhamis ba."

Na karkata kunnen dama, na riƙe numfashi. Ina ganin ruwan can yana tasowa fari yana komawa. Na so in ce masa na ji don kada in ɓata masa ranarsa, amma na kasa.

"Kawu, ban ji ba."

Bai saki hannuna ba. Ya ajiye hayar da ake jiransa da ita, ya ja ni muka nufi ruwan, muna wuce motoci da dardumomi. Duk 'yan taku sai ya dube ni, in girgiza kai, mu ci gaba. Rairayin ya fara danshi, takalmana suka fara nutsewa. Sai da ruwan ya zo ya rufe mini idon sawu sannan na ce masa, "Yanzu na ji."